Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Ɗaukar Ma'aikata a Arewa: A Dubi Allah a Gyara Yadda Ake Yi wa 'Ya'yanmu Intabiyu

Zuwa ga shugabannin kamfanoni, masu makarantu da asibitocin kuɗi, jagororin ƙungiyoyin agaji, da duk wanda ake ajiye wa kujera a kwamitin ɗaukar ma'aikata.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe, ina gaishe ku da aiki, Allah Ya ƙara buɗi. Na san abin da kuke fama da shi na tsadar dizal da rashin wuta da haraji, ga albashi yana jiran ku kowane ƙarshen wata. Duk wanda ya iya riƙe ma'aikata ko goma ne a Sharaɗa ko Bompai ko Kakuri a wannan marra, ya cancanci a yi masa sannu da ƙoƙari. Saboda haka ba da raini na zo muku ba.

Ni tsohon jami'in kula da ma'aikata ne, na yi sama da shekara ashirin ina zama a irin kujerar da kuke zaune a kai. Tun da na ajiye aiki, duk ranar Asabar bayan La'asar matasan unguwarmu da suka gama karatu sukan taru a soron gidana, in duba musu takardunsu, in nuna musu yadda ake tsayawa a gaban kwamiti. Da yawunsu nake magana, da yawun iyayensu da suka sayar da gona da dabba suka biya kuɗin makaranta. Su ba za su iya faɗa muku ba, don gobe ma ƙofarku za su ƙwanƙwasa. Ni kuwa ba abin da nake nema a wurinku.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya sami 'yar maƙwabcina. Yarinya ce natsattsiya, ta karanta aikin akanta, ta gama bautar ƙasa. Daren wata Talata saƙon tes ya shigo mata cewa ta bayyana a Kaduna ranar Alhamis da ƙarfe takwas na safe. Mahaifiyarta ta roƙi uwar adashi ta ba ta ɗauka kafin lokacinta, aka haɗa kuɗin mota da na fotokwafi da hoton fasfo. Ta kwana gidan gwaggonta, bakwai da rabi tana bakin get. Ta tarar da mutum ya fi sittin, gurbi kuwa biyu ne. Benci uku aka ajiye musu a gindin bishiya, babu ruwan sha, ba wanda ya nuna musu banɗaki ko wurin salla. Kwamiti bai zauna ba sai da rana ta take. Ita sai bayan La'asar aka kira ta. Aka tambaye ta sunanta, aka tambaye ta 'yar wace jiha ce, aka tambaye ta ko tana da aure. Da ta ce a'a, wani daga cikinsu ya ce to idan an ɗaura, mijin zai bar ta ta fito? Shi ke nan. Ko tambaya ɗaya a kan lissafi ba a yi mata ba. Aka ce ta je, za a neme ta. Yau mako bakwai. Da ta zo tana ba ni labari, fayil ɗin nan nata mai ruwan toka yana kan cinyarta, ba kuka ta yi ba. Cewa ta yi, "Baba, ni da sun tambaye ni na faɗi, da hankalina ya kwanta."

Wannan magana ta hana ni barci, don na san a wane ofis ne ma hakan ke faruwa: kusan kowanne.

Bari in fara da lokaci da kuɗin mai neman aiki, waɗanda da yawanku kuke ɗauka kamar ba su da daraja. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, zuwa intabiyu daga Katsina ko Gusau ko Azare ya zama babbar hidima ga gidan talaka. Idan kun kira mutum tamanin a kan gurbi biyu, kun san saba'in da takwas za su koma hannu rabbana, kuma kun san cikinsu akwai waɗanda ko da kallon takardunsu ba za ku ɗauka ba. To me ya kawo su? Tantancewar da ya kamata a yi a kan tebur, ita ce ake ɗora wa aljihun yara. Ba mu manta da ranar 15 ga Maris 2014 ba, lokacin da aka tara dubun dubatar masu neman aikin Hukumar Shige da Fice a filayen wasa, bayan kowannensu ya biya Naira dubu ɗaya, turmutsutsu ya kashe mutum fiye da goma a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin. Benci uku a gindin bishiya ba su kai wannan ba, amma tunanin da ya haife su ɗaya ne, wato mai neman aiki ba shi da zaɓi, duk yadda aka yi da shi zai haƙura.

Inda na fi so ku saurare ni shi ne abin da ake yi bayan an rufe ƙofa, domin a nan ku ma kuke asara. Sau nawa ɗan kwamiti yake fara buɗe fayil ɗin mutum a daidai lokacin da mutumin yake zama? Sau nawa ake shiga ɗaki ba a yi shawarar me ake nema ba? Sai kowa ya yi ta jefo abin da ya zo masa. A ce wa wannan ya ba da tarihinsa, a ce wa wancan ya kawo sunayen ministoci biyar, na uku ya yi sa'a sun yi makaranta ɗaya da shugaban kwamiti, sai a ɓige da hirar tsofaffin malamai. Da yamma a zauna a ce wane ne ya fi, alhali ba awo ɗaya aka yi musu ba. Wanda ya fi iya zuba, ya fi gogaggiyar shadda, shi ke tsayawa a rai.

Ni ma na taɓa faɗawa wannan rami, kuma har yau ina tuna shi. Muna neman mai kula da sito. Wani saurayi ya shigo, Turanci kamar ruwa, yana kallon kowa cikin ido, muka yi ta gyaɗa kai. Bayansa wani ya shigo, kansa a sunkuye, muryarsa ƙasa-ƙasa, sai mun ce ya maimaita. Na rubuta a gefen takardarsa cewa ba shi da kuzari. Muka ɗauki na farkon. Wata shida ba a yi ba, aka zo ƙidayar kaya, abin da ke littafi daban, abin da ke sito daban. Ba sata ya yi ba, bai iya aikin ba ne, kuma bai taɓa iyawa ba. Muka nemo na biyun. A wannan karon ban yi masa doguwar tambaya ba. Na ajiye masa littafin sito da takardun shigar kaya da na fita na mako guda, na ce ya daidaita. Ya zaro biro daga aljihun gaba, ya yi shiru kamar minti ashirin, sannan ya ɗago ya nuna mini da yatsa inda aka rubuta katan goma sha biyu sau biyu. Ni da kaina ban lura da wurin ba. Ya riƙe mana siton nan shekara da shekaru, ko allura ba ta ɓata ba. Kunyar da aka tarbiyyantar da shi a kanta, ta kada ya zura wa babba ido, ita muka karanta a matsayin gazawa. Yaranmu da yawa haka suke, musamman mata.

Daga ranar na daina cinikin biri a sama. A inda babu ƙasa ake gardamar kokawa. Malamin makaranta kuke nema? Ku ba shi alli da aji na minti goma sha biyar, ku zauna a baya ku ga ko yaran sun gane. Direba ne? Ga makulli, ga titi, ku ga yadda yake duba ruwa da bakin mai kafin ya tayar. Akanta ce? Ga kwamfuta, ga rasitai. Ma'aikaciyar jinya ce? Ku ce ta yi wa tsohuwar da ba ta jin Turanci bayanin yadda za ta sha magani sau uku a rana. Kuma don Allah ku duba wannan batu na Turanci. Wanda zai sayar muku da kaya a Kantin Kwari ko Singa ko Dawanau, da Hausa zai yi ciniki. Idan aikin yana buƙatar rubuta rahoto da Turanci, ku ba shi takarda ya rubuta ku gani. Idan ba ya buƙata, me ya sa lafazi zai kayar da shi?

Wannan ba ra'ayin tsoho ɗaya ba ne. A 1998 wasu masana biyu a Amurka, Frank Schmidt da John Hunter, sun tattara binciken shekara 85 kan hanyoyin zaɓen ma'aikata. Abin da ya fito shi ne gwada mutum da ainihin aikin, da kuma intabiyu mai tsari inda ake yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya ana ba da maki, sun fi hirar kara-zube nuna wanda zai iya aiki. Mu kuwa tun muna makarantar allo aka karantar da mu wannan. A cikin Suratul Ƙasas, aya ta 26, 'yar dattijon Madyana ta ce wa mahaifinta ya ɗauki Annabi Musa (AS) aiki, domin mafi alherin wanda za a ɗauka shi ne mai ƙarfi, amintacce. Ku lura, sai da ta ga aikinsa a bakin rijiya, ya shayar musu da dabbobi, sannan ta yi magana. Iyawa da amana. Duk tambayar da ba ta kai ku ga ɗayan biyun nan ba, ɓata lokaci ce.

Wannan ya kawo ni ga tambayoyin da bai kamata a ji su a ɗakin intabiyu ba. Yaushe za ki yi aure? Kina da ciki? Ɗan gidan waye kai a garin nan? Izala kake ko Ɗariƙa? Asalinku daga ina? Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila ko asali ko jinsi ko addini ko ra'ayin siyasa. Dokar ƙwadago ta riga ta tanadar wa mace hutun haihuwa, mako shida kafin ta sauka da shida bayan ta sauka, don an san mata suna haihuwa kuma suna aiki. Idan damuwarku ita ce aikin dare ko yawan tafiya, ku faɗi yanayin aikin ga kowa, namiji da mace, ku tambaya ko zai iya. Wannan haƙƙinku ne. Binciken cikin ɗakin mutum kuwa ba naku ba ne. Haka nan dokar hana tsangwamar masu cutar ƙanjamau ta 2014 ta hana a gindaya gwajin cutar a matsayin sharaɗin ba da aiki, amma har yau ana tura yara ɗakin gwaji ba tare da an gaya musu me za a duba ba.

Akwai abin da ya fi wannan muni, wanda nake jin nauyin rubutawa amma dole. 'Yan mata fiye da ɗaya sun gaya wa maiɗakina cewa bayan intabiyu wani ɗan kwamiti ya ɗauki lambarsu daga fom, ya kira da dare, wai su zo wani wuri a ƙarasa magana. Wanda yake yin haka ya ci amanar kamfanin da ya ba shi kujera, ya ci ta iyayen yarinyar. Ku shugabanni, ku ne za ku toshe wannan ƙofa.

Sai masu buƙata ta musamman. Cikin yaran da ke zuwa sorona akwai wanda shan inna ta taɓa, gwani ne a kwamfuta, rabin wayoyin unguwa shi ke gyarawa. An kira shi intabiyu a hawa na biyu, babu hanyar da kekensa zai bi. Wasu masu neman aikin ne suka ciccibe shi suka hau da shi, ya shiga gaban kwamiti rigarsa ta yamutse, zuciyarsa ta karye. Dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ware musu kashi biyar cikin ɗari na guraben aiki a ma'aikatun gwamnati. Ku da kuke masu zaman kansu, sauko da tebur ɗaya ƙasa bai fi ƙarfinku ba.

Batun shekaru ma haka. Ana sa a talla cewa kada mutum ya wuce 26, kuma ya zo da gogewar shekara uku. Yaron da ya shiga jami'ar gwamnati ya ci yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na kusan wata tara a 2020, ya ci na wata takwas a 2022, ya jira kiran bautar ƙasa, ya yi shekara guda a can. Ina laifinsa? Wannan sharaɗi 'ya'yan masu hali da suka yi jami'ar kuɗi kaɗai yake bari, sauran kuma yana koya musu zuwa kotu a rage shekaru, wato ku fara hulɗa da ma'aikacinku a kan ƙarya. Binciken nan da na ambata ya nuna shekarun haihuwa kusan ba sa nuna komai game da iya aiki.

Sannan intabiyun je-ka-na-yi-ka, wanda an riga an ba da gurbin tun kafin a buga talla. Kowa ya san mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. A 2023 Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti ƙarƙashin Yusuf Gagdi don binciken sayar da guraben aiki a ma'aikatun tarayya, jama'a suka ji abin da suka ji. Ku masu kamfani, dukiyarku ce. In kun ga dama ku ɗauki ɗan wanku, ba mai hana ku. Abin da nake roƙo shi ne kada ku taso 'ya'yan mutane daga garuruwansu su zo su zama shaidun abin da aka gama. Kuma duk wanda ya karɓi kuɗin fom daga hannun marar aiki, ya sani wannan kuɗi ba ya albarka.

Na ƙarshe a ƙorafina shi ne ɓoye-ɓoye da shiru. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma sai a gama intabiyu mutum bai san nawa ne albashin ba, in ya tambaya a ce ya cika son kuɗi. Sai ya fara aiki ya tarar abin bai kai kuɗin motarsa ba, alhali mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma Naira 70,000 tun Yulin 2024. Wata biyu ya gudu, ku koma neman wani. Sashe na 7 na dokar ƙwadago ya wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku da farawa, amma malaman makarantun kuɗi nawa ne suka taɓa ganin irin wannan takarda? Wasu ma asalin satifiket ɗinsu ake riƙewa kamar jingina. Waɗanda ba a ɗauka ba kuwa, ko saƙon tes. Yaro ya yi ta zabura duk lokacin da waya ta yi ƙara, uwa ta yi ta tambaya ko sun kira. Takardun nasu fa? Da idona na ga an ƙunso mini ƙosai a cikin takardar neman aikin wata yarinya, ga sunanta, ga unguwarsu, ga lambar wayarta, mai ya jiƙe gefen hotonta. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora alhakin irin waɗannan bayanai a wuyan wanda ya karɓa.

Ga abin da muke roƙo, ranku ya daɗe, kuma babu wanda zai ci muku kuɗin a zo a gani.

Kafin ku buga talla, ku zauna ku rubuta abubuwa huɗu ko biyar da dole mai wannan kujera ya iya, ku sa albashin ko iyakarsa a cikin tallar. Ku tace takardu a ofis, ku yi wa waɗanda suka rage kiran waya na minti goma, sannan ku gayyaci mutum biyar ko shida a kan kowane gurbi, da sanarwar aƙalla mako guda, kowa da sa'arsa. Wanda yake nesa, a fara da shi ta bidiyo a waya. In kun makara, ku aiko a ba su haƙuri, a ba su ruwa, a nuna musu wurin alwala.

A cikin ɗaki, kwamiti ya kasance mutum uku, da wanda zai zama shugaban ma'aikacin kai tsaye, kuma lallai da mace a ciki. Wanda ɗan uwansa ko ɗan abokinsa ya shigo, ya tashi ya ba da wuri. Wayoyi su koma aljihu. Ku gabatar da kanku, ku bar mutum ya numfasa, sannan ku yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya. Ku riƙa tambayar abin da ya taɓa yi: ba mu labarin ranar da kuɗi suka ƙi daidaita a hannunka, me ka yi? Ba mu labarin ranar da uban yaro ya zo makaranta a fusace, yaya kuka ƙare? Ku bi amsar da "sai kuma me ya faru?", don a nan mai haddace amsa yake rabuwa da wanda ya yi aikin. Ku fi shi yin shiru. Kowane ɗan kwamiti ya rubuta makinsa shi kaɗai kafin a tattauna, domin da zarar Oga ya ce wane ya burge shi, bakin kowa ya mutu. Ku haɗa da gwajin aiki, gajere, ba irin wanda za a sa mutum ya yi muku aikin mako guda kyauta da sunan gwaji ba. Ku bar masa minti biyar shi ma ya tambaye ku. Kuma ku kira inda ya taɓa aiki ku ji shaidar da za a yi masa, nan ake gane amana.

Bayan an gama, ku faɗi ranar da za a ji sakamako, ku cika. Wanda bai samu ba a tura masa layi biyu na godiya cikin mako biyu. Takardunsa a mayar masa ko a ƙona. A rubuta a bango cewa ba a intabiyu a wajen ofis, ba a kiran mai neman aiki sai da lambar ofis, a kuma sa lambar da za a kai ƙara.

Ina kuma kira ga cibiyar CIPM ta ƙwararrun jami'an kula da ma'aikata, da ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta Kano, KACCIMA, da takwarorinta na sauran jihohi, su fitar da ƙa'idar intabiyu mai shafi ɗaya, da Hausa da Turanci, su raba wa mambobinsu. Yawancin masu ƙananan makarantu da asibitoci ba mugunta ce ke sa su yin abin da suke yi ba, ba wanda ya taɓa nuna musu wata hanyar ne.

'Yar maƙwabcina ta sake samun kira, ranar Litinin mai zuwa, a nan cikin Kano. Jiya mun zauna da ita har Magariba muna bitar yadda ake daidaita littafin kuɗi da takardar banki, ban kama ta da kuskure ko ɗaya ba. Wataƙila gaban ɗayanku za ta zauna. Don Allah ku tambaye ta lissafi.

Wassalam, na gode da sauraro.

Naku,
Tsohon jami'in kula da ma'aikata,
Kano.